YADDA AKE TACE FIM ƊIN WARWARAR AIKI: DARASI DOMIN MASU FARA KOYO

Ina neman izini in yi magana a wannan shafi namu na Hausa a kan wata sana'a wadda samari da 'yan mata da yawa suka sa kai a cikinta, watau tace fim a kwamfuta. Ba zan taɓa dukan sana'ar ba, gama faɗinta ya fi ƙarfin 'yan shafukan nan. Zan tsaya a kan abu guda, shi ne yadda mai koyo zai haɗa ɗan gajeren fim wanda ke nuna matakan da ya bi wajen yin siddabarun hoto. A cikin darasin nan na sa wa irin wannan fim suna warwara. Hausawa sukan ce tufka da warwara a kan aikin da ba ya ci gaba, amma wannan warwarar mai amfani ce, domin ita ce ke nuna yadda aka yi tufkar.

MENE NE SIDDABARUN HOTO?

Siddabarun hoto shi ne kowace dabara da za ta sa mai kallo ya ga abin da bai faru a gaban kyamara ba. Abin ya daɗe. A shekarar 1896 wani Bafaranshe mai suna Georges Méliès ya yi fim inda mace ta ɓace daga kan kujera. Dabararsa ita ce ya tsai da kyamara, matar ta tashi, sa'an nan ya ci gaba da ɗauka. A 1902 ya yi fim ɗinsa na tafiya zuwa wata. A 1940, cikin fim ɗin The Thief of Bagdad, Larry Butler ya ɗauki 'yan wasa a gaban shuɗin bango, ya cire shuɗin, ya sa wani hoto a madadinsa, har aka ba shi lambar Oscar saboda wannan aiki. A 1993 kuwa fim ɗin Jurassic Park ya fito da manyan dabbobin dā waɗanda aka zana wasunsu a kwamfuta. Kamfanin Industrial Light and Magic ne ya zana su, wanda George Lucas ya kafa a 1975. Yau ɗalibi mai ƙaramar kwamfuta yana iya gwada irin waɗannan dabaru a ɗakin kwanansa.

To, ga inda gizo ke saƙa. In siddabarun ya yi kyau, mai kallo ba zai gane an yi kome ba. Mutum ya kwana bakwai yana aiki, amma wanda ya kalla sai ya ce ai haka kyamara ta ɗauko. In kuma ya gane an yi wani abu, ba zai san wane ne ya yi wane sashe ba. Saboda haka masu wannan sana'a sukan haɗa fim ɗin warwara, su nuna ɗanyen hoto yadda kyamara ta gan shi, sa'an nan su bi abin da aka ɗora masa ɗaya bayan ɗaya har ya cika. Da shi suke neman aiki, da shi kuma suke koya wa na baya.

Mu da muke koyon aikin malanta mun san wannan sarai. In yaro ya rubuta amsar lissafi kaɗai, bai nuna hanyar da ya bi ba, ba mu ba shi cikakken maki, gama ba mu san ko shi ya yi ko ya leƙa littafin maƙwabcinsa ba. Fim ɗin warwara nuna hanya ne. Dokokinsa kuwa su ne dokokin aikin allo da aka koya mana. Na farko, canji ɗaya a lokaci ɗaya. Na biyu, kowane mataki ya zauna daidai a kan wanda ya gabace shi, kada ya goce ko da kaɗan. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga waɗannan dokoki biyu ya fito.

KAYAN AIKI

Ana bukatar kwamfuta da manhajar tace fim. Akwai na kuɗi, kamar Premiere Pro da After Effects na kamfanin Adobe, waɗanda ake biya wata wata ko shekara shekara. Akwai kuma na kyauta. DaVinci Resolve na kamfanin Blackmagic Design tana da nau'in da ba a biya, amma tana son kwamfuta mai ƙarfi. Kdenlive da Shotcut ba su da nauyi kamarta, sun fi dacewa da tsohuwar kwamfuta. Blender kuma, wadda aka sake ta kyauta ga kowa a 2002, da ita ake zana abubuwa masu tsawo da faɗi da kauri, tana kuma da nata wurin tace fim.

Kada mai koyo ya ɓata lokaci wajen gardamar wadda ta fi. Dukansu fuskarsu kusan ɗaya ce, kashi uku. Akwai rumbu, inda ake zuba hotuna da sauti. Akwai allon kallo, inda ake ganin abin da ake yi. Akwai kuma wurin jeri a ƙasa, wanda masu sana'a ke kira taimlayin. A nan lokaci yana tafiya daga hagu zuwa dama, layuka kuma suna hawa kan juna kamar benaye. Abin da ke layin sama yakan rufe abin da ke ƙarƙashinsa, kamar yadda takarda ke rufe takarda a kan tebur. Akwai wata tsayayyar sanda da ke ratsa layukan duka, inda ta tsaya nan ne ake gani a allon kallo. Zan kira ta allura.

Wani abin kwantar da hankali shi ne, yankan da kake yi a taimlayin ba ya taɓa ainihin fayil ɗinka. Manhajar tana riƙe da bayani ne kawai cewa a fara daga nan a tsaya a can. Saboda haka ka yanka ba da tsoro ba. A yawancin manhajojin nan, dogon maɓallin ƙasa shi ke kunnawa da tsayarwa. L yana kai ka gaba, J baya, K ya tsayar. Harafin I yana sa alamar farko, O ta ƙarshe. Kibiyar dama da ta hagu suna matsar da allura hoto ɗaya ɗaya. Ctrl da Z suna soke abin da ka yi yanzu, Ctrl da S suna ajiye aiki. Wannan na ƙarshe ka mai da shi kamar numfashi, musamman inda wutar lantarki ba ta sallama kafin ta tafi.

LISSAFIN FIRAM

Fim jerin hotuna ne tsayayyu da ake nunawa da sauri har ido ya ga kamar motsi. Kowane hoto ɗaya ana ce masa firam. Fim ɗin silima yana gudu firam 24 a daƙiƙa. Talabijin na Nijeriya da na Ingila 25 ne. Na Amurka ya kusa 30, wayoyin hannu da yawa kuma 30 suke ɗauka in ba a canja musu ba.

Ku lura da wannan lissafi. Hoto mai daƙiƙa 5 a gudun 25 yana da firam 125. In aka yi kuskure aka shigo da mataki ɗaya a gudun 24, to, a cikin daƙiƙa biyar ɗin nan firam 120 kaɗai zai nuna. Kafin a kai ƙarshe ya zama yana bin sauran a baya da firam biyar. Firam biyar ɗaya bisa biyar ne na daƙiƙa, amma ya isa hannun mutum ya bar inda yake, abin da aka ɗora masa ya tsaya a iska. Domin haka, tun kafin ka shigo da ko hoto ɗaya, ka buɗe saitin aikin ka sa gudu da girma. DaVinci Resolve ba ta yarda a canja gudun taimlayin bayan an fara jeri a cikinsa. Girman da aka saba shi ne ɗigo 1920 a faɗi, 1080 a tsaye. In da waya ka ɗauka a 30, sai ka bar kome a 30. Abin nema shi ne duk matakan su zama gudu ɗaya, girma ɗaya.

MISALIN DA ZA MU BI

A ce muna shirya ɗan fim domin darasin labarin ƙasa. An ɗauki yaro a gaban koren ƙyalle, ya miƙa tafin hannunsa, tsawon daƙiƙa 5 a gudun 25. A fim ɗin da aka gama, yaron yana tsaye a gaban Dutsen Zuma, ƙwallon duniya kuma yana juyawa a bisa tafinsa. Kore ake zaɓa domin ya yi nisa da launin fatar mutum, kyamarorin zamani kuma sun fi kama kore da kyau. Sai dai kada yaron ya sa koriyar riga, in ba haka ba za a cire shi tare da ƙyallen.

Matakan aikin guda bakwai ne.

1. Ɗanyen hoto: yaro da koren ƙyalle, har da gefen ɗakin in ya fito.
2. Inuwar yanka: hoto mai baƙi da fari kawai, fari inda aka bar yaron, baƙi inda aka cire.
3. Yaron a gaban dutse.
4. Ƙwallon duniya yana saƙar layuka tsirara, ba launi.
5. Ƙwallon da launin ƙasa da na teku.
6. Inuwar ƙwallon a tafin yaron, da hasken da aka daidaita.
7. Gyaran launi na ƙarshe, wanda ya sa duka suka zama kamar a rana ɗaya aka ɗauke su.

Ka rubuta wannan jeri a takarda tun kafin ka taɓa kwamfuta, kamar yadda muke rubuta shirin darasi kafin mu shiga aji. In mataki biyu sun yi kama da juna har ba za a ga bambanci daga nesa ba, ka haɗe su. In mataki ɗaya ya ƙunshi canji biyu manya, ka raba shi.

SHIRYA KAYA

Ka buɗe jaka ɗaya a kwamfuta domin wannan aiki kaɗai. A cikinta ka yi ƙananan jakunkuna bakwai, ka sa musu lamba da suna: 01 ɗanye, 02 yanka, 03 dutse, har zuwa 07 ƙarshe. Lambar ita za ta sa su jeru da kansu. Bayan ka shigo da fayil cikin manhaja kada ka canja masa suna ko mazauni, gama manhajar za ta neme shi inda ta san shi, ta rasa.

Wajen fitar da matakai daga manhajar da ka yi siddabarun, ya fi kyau ka fitar da su a matsayin jerin hotuna, kowane firam da lambarsa. Amfanin wannan biyu ne. In wuta ta ɗauke a firam na 80, za ka ci gaba daga na 81, ba sai ka koma farko ba. Lambar kuma za ta taimake ka wajen daidaita matakai. Masu sana'a sukan fara ƙirga daga 1001, domin in daga baya aka so ƙara wasu firam a farko, a sami wuri. Namu zai tashi daga 1001 zuwa 1125. Ka yi amfani da PNG, gama yana iya ɗaukar wurin da babu kome, a hango abin da ke ƙasa ta cikinsa. JPEG ba ya iya wannan. Manyan kamfanoni sun fi amfani da EXR, amma nauyinsa ya yi wa mai koyo yawa. Ka tuna jerin hotuna ba ya ɗauke da gudunsa, kai ne za ka duba ka tabbata manhajar ta karanta shi a 25.

Ga wata hanyar sauƙi ga mai ƙaramar kwamfuta. Mataki na ɗaya da na bakwai kaɗai ake bukata cikakku da motsinsu. Sauran biyar ɗin, firam ɗaya ya isa daga kowanne, muddin lambarsu ɗaya. Ka nemi firam ɗin da ya fi nuna aikin, inda hannun ya miƙe sosai, hoton kuma bai yi dishi-dishi saboda motsi ba. A ce 1060 ne. To, ka fitar da 1060 daga kowane mataki. In ɗaya ya zama 1059 ko 1062, kan yaron zai yi tsalle a idon mai kallo, hankalinsa ya bar darasin ya koma kan tsallen.

JERI

Tsarin da zan ba ku kashi huɗu ne.

Da fari a nuna fim ɗin da aka gama, daga farko har ƙarshe, ba rubutu a kansa, firam 125. Mai kallo ya san inda za a je tukuna, kamar yadda malami ke faɗin manufar darasi.

Na biyu, a sa ɗanyen hoto ya yi tafiya daga 1001 zuwa 1060, watau firam 60. A nan sai a tsai da shi cik na daƙiƙa 2. Kana iya yin haka da umarnin daskarar da firam wanda ke cikin manhaja, ko kuwa ka sa hoton 1060 na ɗanyen ka ja tsawonsa.

Na uku, a kawo sauran matakai shida a kan wannan tsayayyen hoto. Mataki na biyu ya hau layi na biyu, na uku ya hau layi na uku, kowanne ya fara daƙiƙa 3 bayan na ƙarƙashinsa. In ka dubi taimlayin za ka ga sun yi kamar matakalar bene. Ka ja wutsiyar kowane mataki ta kai aƙalla inda na samansa ya gama rufe shi. In ka yanke ta da wuri, baƙin fili zai bayyana a tsakani.

Na huɗu, bayan mataki na bakwai ya zauna, a saki hoton ya ci gaba daga 1061 zuwa 1125, firam 65. Wannan wurin shi ya fi daɗin kallo, gama abin da aka gani ana ginawa a tsaye sai ga shi ya motsa.

Mu haɗa lissafi. 125 da 60 da 50 sun zama 235. Matakai shida sau firam 75 sun ba da 450. A ƙara 65. Jimla 750, a raba da 25, daƙiƙa 30 ke nan cif. In naka bai faɗa kan wannan jimla ba, akwai inda rata ta shiga ko wani abu ya hau wani, sai ka bi da kibiya ka nemo.

JAN LABULE

Yaya sabon mataki zai shigo? Hanyar da ta fi ita ce wadda nake kira jan labule. Wani layi ya taso daga hagu ya tafi dama, bayansa sabon mataki, gabansa tsohon. Ta fi narkar da hoto cikin hoto, domin a lokacin da layin ke tsakiya ido yana ganin tsoho da sabo gefe da gefe, ya gwada su.

Manhajoji suna da shiryayyen labule wanda za a jawo a ajiye. Amma ya kamata mai koyo ya iya yin nasa, gama a nan zai koyi turke. Turke alama ce da kake kafawa a wani lokaci ka ce wa manhaja, a nan ga yadda abu zai kasance. In ka kafa biyu, ita za ta cike tsakaninsu. Alamarsa ƙarama ce mai kama da lu'ulu'u. Ga yadda ake yi. Ka zaɓi hoton da ke layin sama, ka nemi wurin datse gefe. Ka kai allura firam ɗinsa na farko, ka datse gefen dama gaba ɗaya har hoton ya ɓace, ka kafa turke. Ka matsa gaba firam 25, ka mai da datsewar sifiri, ka kafa turke na biyu. Kunna ka gani. Labulen zai buɗe cikin daƙiƙa ɗaya, hoton ya zauna daƙiƙa biyu kafin na gaba ya taso. Da ka yi ɗaya, sai ka kwafi saitinsa ka manna wa sauran.

Duk labulen su bi hanya ɗaya, da sauri ɗaya. Manhaja tana cike da wasu salo, masu juyi, masu walƙiya, masu tarwatsewa kamar gilashi. Ka bar su inda suke. Malamin da ke canja launin alli a kowace kalma, yara launin za su kalla.

Kafin ka wuce, ka gwada zaman matakan. Kowane layi yana da maɓallin kashe shi da kunna shi. Ka sa ido a kan kunnen yaron ko kan yatsansa, ka kashe layin sama ka kunna sau da yawa. In kunnen ya motsa, ko lambar firam ta saɓa, ko girman hoton ya bambanta. Ka gyara tun a nan.

RUBUTU DA SAUTI

Kowane mataki yana son suna, kalma biyu ko uku: "Ɗanyen hoto", "Cire kore", "Inuwa da haske". Ka sa rubutun a layin da ya fi kowanne bisa, a kusurwa ɗaya kullum, da harafi iri ɗaya. Ka bar rata tsakaninsa da bakin allo. Farin rubutu a kan ɗan baƙin zirin ya fi karantuwa, ko hoton ya yi haske ko ya yi duhu. Yawancin masu kallo a waya za su gani, saboda haka ka tura wa wayarka ka duba. In sai ka matse ido, rubutun ya yi ƙanƙanta. Sunan ya canja a daidai lokacin da labule ya fara tafiya. Ka kuma duba ko irin harafin da ka zaɓa yana da ƙ da ɗ da ɓ, gama waɗansu ba su da su, sai su bar gurbi ko ɗan akwati.

Game da sauti, warwara ba ta bukatar kiɗa. In ka so sawa, ka sa mai taushi, wanda kake da izninsa. YouTube yana da na'urar gane waƙoƙin mutane, yana iya toshe fim ɗinka saboda waƙar da ba taka ba.

GASKIYAR AIKI

Wannan sashe shi ya fi kowanne nauyi a wurina. Tun da fim ɗin warwara shaida ne, wajibi ne ya faɗi gaskiya. A ƙarshensa ka sa allo ɗaya na daƙiƙa huɗu ko biyar, ban da talatin ɗin da muka ƙirga, ka rubuta abin da hannunka ya yi da abin da ka samo. In abokinka ne ya riƙe kyamara, ka faɗa. In hoton doron ƙasa da ka naɗe ƙwallon da shi daga hukumar NASA ta Amurka ka ɗauko, ka faɗa. In wani ne ya ɗauki hoton dutsen, ka nemi izninsa, ka kuma ambace shi. In manhajar ƙirƙirarriyar basira ce ta cire maka koren ko ta zana maka wani sashe, wannan ma ka rubuta. Ba abin kunya ba ne mutum ya ce cire kore da gyaran launi kaɗai na yi. Mai ɗaukar ma'aikata yana so ya san abin da zai iya damƙa maka ranar Litinin da safe. Wanda ya ci aiki da guzurin wani, ran da aka zaunar da shi gaban kwamfuta asirinsa zai tonu. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Haka kuma kada ka ɓoye munin ɗanyen hoto. In ƙyallen ya yamutse, ko ƙafar fitila ta fito a gefe, ka bar su a gani, gama su ne ke nuna yawan wahalar da ka sha. In aikin na wani ne ya ba ka, kada ka nuna warwararsa sai da yardarsa, kuma sai bayan fim ɗin ya fito. Yaron da aka ɗauka kuwa, sai iyayensa da shugaban makaranta sun yarda kafin a sa fuskarsa a intanet.

Akwai wani amfani da ya shafe mu mu malamai. Yaran da za mu koyar suna ganin bidiyo iri iri a wayoyin gida, waɗansu na gaskiya, waɗansu haɗi. An ce gani ya kori ji, amma yanzu ganin ma yana son bincike. Yaron da ya ga an ɗauki abokinsa a cikin aji an kai shi gaban Dutsen Zuma cikin matakai bakwai, in gobe aka nuna masa wani abin mamaki zai tambaya yadda aka yi shi. Daƙiƙa talatin ɗin nan sun fi dogon wa'azi a kan kada a yarda da kome.

FITARWA

In ka gama, ka kalla daga farko har ƙarshe ba tsayawa. Sa'an nan ka kira wani wanda bai san aikin ba, ka nuna masa sau ɗaya, kada ka ce kome. Ka tambaye shi ya lissafa matakan. Wanda ya manta, ko dai ya wuce da sauri, ko kuwa canjinsa bai fito ba.

Ka fitar da fim ɗin a MP4 mai matsin H.264, gama kusan kowace waya da kwamfuta tana buɗe shi. Girma da gudu su zama yadda ka sa tun farko. Megabit 8 a daƙiƙa ya isa wannan girma, fim ɗin daƙiƙa 30 kuma zai kama wajen megabait 30. In ta WhatsApp za ka aika, ka tura shi a matsayin takarda, domin in ka tura a matsayin bidiyo za a matse shi, siraran layukan mataki na huɗu su dushe. Ka ajiye kwafin jakar aikin duka a wani wuri dabam. In warwararka ta yi yawa nan gaba, ka zaɓi mafi kyau ka haɗa su cikin minti ɗaya ko biyu, wadda ta fi duka ita ce a gaba.

AIKIN GWAJI

1. Hoto mai daƙiƙa 8 a gudun 30, firam nawa ne? In an fara ƙirga daga 1001, wace lamba ce ta ƙarshe?
2. Ka sake lissafin misalinmu in matakan biyar ne maimakon bakwai. Daƙiƙa nawa fim ɗin zai zama?
3. Ka kafa waya a wuri ɗaya kada ta motsa. Ka ɗauki hoton tebur ba kome, sa'an nan da littafi a kansa, sa'an nan da littafi da alli. Ka jera ukun a layuka uku, ka haɗa su da jan labule na turke, ka sa musu suna.
4. Ka rubuta allon ƙarshe na aikinka, ka nuna wa wanda ya taimake ka ya gani ko ya yarda da abin da ka rubuta.

Wanda ya iya na uku ya riƙe rabin darasin, gama sauran ƙarin layuka ne kawai. Sannu ba ta hana zuwa. In wani ya gwada ya sami hanyar da ta fi wadda na kawo sauƙi, ina roƙonsa ya rubuto wa wannan shafi a fitowa ta gaba, mu ƙaru duka. Iyakar abin da ya sawwaƙa ke nan.